A Fara da Hannun Auta

Shekararta hamsin da uku, ta aurar da 'ya'ya biyu, furfura ta cinye mata rabin kai, amma har yau Auta ake kiranta, don ita ce ƙarshen haihuwar Inna. Da mijinta ya rasu sai ta tattara kayanta ta dawo gidan iyayenta a bayan gari, gida mai ɗaki uku da rijiya da garken awaki da akurkin kaji da ɗan lambu a baya. Cewa ta yi wata uku za ta yi. Bana shekara ta shida ke nan.

Kafin rana ta fito ta tatsi awaki, ta buɗe wa kaji, ta ja ruwa guga ashirin don lambu da dabbobi. Sannan ta koma kan tsofaffi. Inna dai ciwon suga ya taɓa mata ido, sai inuwa-inuwa take gani, amma kunnenta babu abin da yake wuce shi. Baba kuwa shanyewar ɓarin jiki ce ta kama shi shekara uku da suka wuce, ta tafi da hannun hagu da ƙafa, ta bar masa baki lafiya lau. Inna kan ce da shawararta aka nema, da bakin aka ɗauka aka bar ƙafar.

Shekara arba'in Baba ya yi yana gyaran sikeli a kasuwa, na mahauta da na masu hatsi. Bai taɓa yarda da wani abin awo ba sai ya ɗora masa ƙarfensa na kilo ɗaya ya ga abin da allura za ta nuna. Da hannu ya daina aiki sai halin ya koma kan mutane. Yana zaune a kujerarsa a bakin ƙofa, duk wanda ya gifta sai ya auna shi da ido.

Suna da babban ɗa, Yaya, wanda ya yi ritaya yana zaune a birni, a hawa na huɗu na wani bene. Duk sanda ya bugo waya sai ya ce, "Auta, ranar da kika gaza ki faɗa mini, in zo in kwashe su." Da zuciya ɗaya yake faɗa, amma ita gabanta ne yake faɗuwa. Ta ga abin da benen nan ya yi wa Baba lokacin da aka sallame shi daga asibiti. Sati biyu ya yi yana kallon bangon maƙwabta ta taga, bai yi wa kowa faɗa ba, bai gama kwano ɗaya na abinci ba. Sai da aka dawo da shi gida ya ji kukan awakinsa sannan ya soma zagin mutane, kowa ya yi hamdala. Tun ranar Auta ta ƙudurta a ranta ba za ta gaza ba, in ma ta gaza ba mai ji.

To, sai ciwon kai ya soma. A ƙeya yake zama, tun safe. Daga baya jiri ya biyo. Wata rana tana jan ruwa ta ga duhu, ta saki igiya, guga ya koma rijiya, ita kuma ta zauna daɓas a ƙasa. Ta tashi ta kakkaɓe zani, ta haɗiyi maganin ciwon kai guda biyu, ta ci gaba. Ba wai ba ta san alamun hawan jini ba ne. Ita ce fa kullum safe take ɗaura wa Baba injin awon jini a dantse, ta rubuta lambar a littafi. Sau nawa ta riƙe injin nan ita kaɗai, ta mayar da shi kwali. Tsoro take ji, tsoron lambar da kuma wayar Yaya da za ta biyo bayanta.

Ran nan da safe ta kawo injin kamar kullum. Baba ya matse hannunsa mai lafiya a hammata.

"Baba, kawo hannun. Kaji na jira na."

"Su jira. Injin nan ƙarya yake yi."

"Jiya ba ka ce haka ba."

"Yau na ce. Shekara uku ana auna ni da shi, wa ya taɓa gwada shi? Ba a yarda da sikeli sai an ɗora masa abin da aka san nauyinsa. Ke ce mai lafiya a gidan nan, ko ba kullum haka kike gaya wa yayanki ba? To ɗaura a hannunki. In ya nuna daidai, ga nawa."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ba ta da lokacin wasa. Ya ce shi ma haka. Ta roƙa, ta yi fushi, ta ce za ta haɗa shi da likita. Ko gezau. Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Ki ɗaura mana mu huta. Ni ma na ji faɗuwar gugan nan, kuma ban ji kin kira kowa ba."

Auta ta ja kujera ta zauna, ta ɗaura. Injin ya matse, ya saki, ya yi ƙara. Ta dubi lambar ta kifa shi a cinya.

"Karanta," in ji Baba.

"Gaskiyarka, ya lalace."

"Karanta mini, Auta."

Ta karanta. Ɗari da casa'in da takwas a lambar sama. Baba ya ce, "Ranar da na faɗi, nawa bai kai haka ba."

Maƙwabcinsu mai motar a-kori-kura ne ya kai ta asibiti. Likita ya sake aunawa har sau biyu, ya dube ta ya ce ta gode wa wanda ya turo ta. Ya ba ta magani, ya ce sati biyu a kwance, jan ruwa kuma ta yi ban kwana da shi. Duk hanyar dawowa ba ciwon take tunani ba, ƙaryar da za ta shirya wa Yaya take tsarawa.

Ashe an riga ta. Tana sa ƙafa a tsakar gida ta ji muryar Baba a waya, da ƙarfi kamar yadda ya saba.

"Ka zo ka ɗauke mu, ni da uwarka. E, benen. Ko ya fi haka tsawo zan hau. Na ɗora wa yarinyar nan abin da ya fi ƙarfinta ina zaune ina kallo. Awaki a sayar. Na gwammace in ƙare rayuwata ina kallon bango da in ga an fita da ita kafin ni."

Auta ta jingina da bango ta yi kuka, irin wanda rabonta da shi tun rasuwar mijinta. Shekara uku tana ɓoye gajiyarta don kada a raba tsohon nan da gidansa, ga shi ya bayar da gidan a magana ɗaya saboda ita.

Washegari Yaya ya iso da mota. Kafin a zauna magana ya ce bari ya ɗan taimaka da ruwa. A guga na huɗu ya riƙe ƙugu ya tambayi nawa ake ja a rana. Da aka ce ashirin sai ya zauna a bakin rijiya, kunya ta kama shi, kuma ta dace da shi. Bai kwashi kowa ba. Ya sa aka kafa injin ruwa, aka rage awaki suka koma uku, ya ce shi da matarsa za su riƙa zuwa sati guda a kowane wata. Baba ya ce a rubuta a littafi, don shi bai gwada alkawarin ba tukuna.

A kwana na uku Auta tana kwance da hantsi, abin da jikinta bai sani ba. Ta taga tana jin Yaya yana kokawa da akuya, Baba yana gaya masa ko tatsa bai iya ba sai girman ciki. Sai ta ji takun sanda. Inna ce, tana lalube da bango, da kofi a hannu. Rabin ruwan ya zube a hanya, ya jiƙa mata zani.

"Tashi ki sha maganinki," in ji ta. "Ina bakin naki?"

Auta ta kama hannun ta kai kofin bakinta, ta shanye tas. A ranta ta gode wa Allah da ya bar mata su har yau. Rabon da wani ya kawo mata ruwa har gado tun tana 'yar shekara tara.