Ɗacin da Sinyora Nives Ke Nema

A kan haɗin giyar da ake kira Negroni kam, Amilcare ba ya sassauta wa kowa. Tun yana da gashi a ka yake tsaye bayan kanta a wata 'yar mashaya kusa da kasuwar San Lorenzo a birnin Firenze na Italiya, kuma bai taɓa sauya awo ba. Giya uku ne: jin, jan bamut, da wata ja mai ɗaci, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Ya zuba kan ƙanƙara, ya juya a hankali, ya matse ɓawon lemu a sama. Ka ce ya ƙara maka wani abu, sai ya nuna maka ƙofa da cokali. Matarsa takan ce da yana auna maganarsa haka, da gidansu ya zauna lafiya.

Sinyora Nives mai ɗinka safar hannu kullum da yamma takan sha Negroni kofi guda kafin abinci. Sai ta ɓace wata da watanni. Da ta dawo duk ta rame, ta ɗaure kai da ɗankwali. Ya haɗa mata, ta kurɓa, ta ajiye. Washegari ma haka.

Abin ya tsaya wa Amilcare a rai. Ya sauya ƙanƙara, ya yi wa mai lemu masifa, ya ɗanɗana kwalabensa, bai gano komai ba. Rannan dai ya kasa haƙuri.

"Sinyora, faɗa min gaskiya. Hannuna ne ya tsufa?"

"Kai duka ka tsufa, ba hannun kaɗai ba," in ji ta. "Maganin asibiti ne ya kashe min harshe. Komai na ci kamar takarda. A kofinka kawai nake jin wani ɗan ɗaci can nesa, shi nake biyowa."

Tausayi ya kama shi. Ya dubi ma'auninsa, ya ture shi gefe, ya ɗauki kwalbar jar giyar mai ɗaci ya yi ta tsiyayawa.

Fosco mai aski, da ke zaune a gefe, ya miƙe zumbur. "Jama'a, ku zo ku gani! Tsoho ya bar addininsa!"

"Rufe min baki, mai sanƙo," in ji Amilcare.

Ta kurɓa. Fuskarta ta yamutse, idanunta suka kawo ruwa, ta buga saman kantar da tafin hannu.

"Kai, Amilcare! Wannan abu ba daɗi ko kaɗan! Ɗaci kamar halinka!"

Ta riƙe kofin da hannu biyu, ta shanye tas.