Ɓerayen da na riƙa saki kafin lokaci

Akwai wata safiyar Litinin da har yau ba ta fita raina ba, ranar da Dokta Aisatu, shugabar bincikenmu, ta kira ni ofis ta ce in turo ƙofa. Lokacin ina shekara ta biyu a ɗakin kiwon ɓerayen labo, wato wurin gwaje-gwajen kimiyya.

Ga wanda bai san aikin ba, akan yi wa ɓeraye allurar da ke sa garkuwar jikinsu ta far wa jijiyoyinsu, irin wata cuta da ke kama mutane. Wutsiya ke fara saki, sannan ƙafafun baya. Dokta tana son sanin ko takurar yau da gobe na tsananta ciwon. Aka raba su kashi biyu: ɗaya a bar su su huta, ɗaya kuma in sa kowanne cikin ɗan bututu mai huji, awa biyu kowace safiya, in rubuta lokacin.

Ni ɗan mahauci ne, a unguwar Briqueterie na taso. Tun ina bin Baba mayankar Etoudi ya hana ni ko wasa wuƙa a gaban dabba. Yadda ɓerayen ke mutsu-mutsu a bututun ya tsaya mini a rai. Daga mako na biyu na riƙa sakinsu bayan rabin awa, ina rubuta awa biyu.

A ofis ta baza takardu, ta ce sakamakon ya ƙi zama, kwana uku tana neman inda ta yi kuskure. Ko kaɗan ba ta zarge ni ba. Abin da ya sa na kasa ɓoyewa ke nan.

Da na faɗa mata gaskiya, sai ta ce, "Malam Garba, da ka ce mini ba za ka iya ba, da na sa wani. Yanzu waɗannan sun sha ciwo a banza, kuma dole mu kawo wasu."

Ta rubuta rahoto kamar yadda doka ta ce, ta roƙi darakta kada a kore ni. Takardar gargaɗi aka ba ni. Da sababbin ɓerayen suka iso, ni na tarbe su a ƙofa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata, tausayi yana da wurinsa a aikin nan. Jiƙa abinci ka ajiye a ƙasan keji don wanda ƙafarsa ta saki, ka kira likitan dabbobi da wuri. Abin da ba za ka iya ba, faɗi da bakinka tun ranar farko. Amma lokacin da ka rubuta, ya zama shi ne lokacin da aka yi.