Dogo da Yatsun Ƙafarsa

Dogo ake ce masa a wurin wankin motar da ke bayan tasha, inda ya shekara goma sha tara yana tsaye cikin ruwa da kumfa. Mutum ne mai ɗoki. In aka kawo mota ta sha laka, sai ka ce albishir aka yi masa. Kwatsam tsakanin yatsun ƙafarsa ya yi fari ya tsattsage, ga ƙaiƙayi mai sa babba rawa ba kiɗa. Da ya fara ɗingishi, mai wurin ya ba shi mako biyu: ko ƙafa ta warke, ko a ba wani tiyonsa. Dogo ya tsorata ƙwarai, don bai iya wata sana'ar ba.

Yayarsa mai yin kek ce ta kawo gwangwanin bekin soda, ta ce ya riƙa zuba cokali biyu a ruwan ɗumi yana tsoma ƙafar. Cikin kwana uku ƙaiƙayi ya lafa. Zo ka ga murna! Dogo ya bi layi yana shelar magani, har mai faci da tela sai da ya tuɓe takalmi ya nuna musu, su kuwa suna ta kawar da kai. A kwana na shida abu ya dawo sabo fil.

Matarsa ce ta gano bakin zaren. Da safe ta zuba masa ido: ya tsame ƙafa daga ruwan, ya zura ta a jiƙe cikin takalmin roba, zai fita.

Ta ce, "Baban yara, motar mutane da tsumma uku kake goge ta, har lungun madubi. Ƙafarka fa, laifin me ta yi maka?"

Dogo ya fashe da dariya har da buga cinya. Daga ranar ya ware tsumma guda, yana bin yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai goge gilashi. Sodar ta koma cikin takalmi don maganin danshi, ya haɗa da man shafawa daga kemis.

Ranar da wa'adi ya cika, kafin mai wurin ya iso Dogo ya gama motoci huɗu. Mutumin ya dube shi, ya dubi ƙafar, ya ce a shigo da tifar nan da kowa ke gudun wankewa. Dogo ya ruga a guje don daɗi, ya ɗauko tiyonsa.