Injiniya Balkisu, mai koya mana sensa

Ina ƙarƙashin wata mota da safen nan ƙanin Balkisu ya kira ni. Injiniya Balkisu ta rasu, bayan jinyar da duk muka ɗauka ta wuce. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Ɗiyar abokina ce. A idona ta tashi a garejin babanta a Magama, ta tafi jami'a, ta dawo tana tara mu masu wayarin mota duk Asabar tana koya mana, kyauta.

Motocin da ke shigowa ta bodar nan, da yawa fitilar eyabag ɗinsu a kunne take, alamar jakar iskar da ke kare direba na da matsala. Mu dai cire ƙwan fitilar muke yi, mai mota ya tafi yana murna.

Balkisu ta kama ni ina yi. Ba ta faɗa gaban kowa ba, sai da aka watse.

"Kawu Sale, ba gyara kuka yi ba, baki kuka toshe mata."

Washegari ta fasa wata tsohuwar sensar eyabag ta miƙo min madubin ƙara girma. Wani abu na gani a ciki, bai kai ƙwayar riɗi ba. Ta ce cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin abu mai motsi, shi ke jin karo ya sa jakar iska ta buɗe kafin kan direba ya kai sitiyari.

Da ta lura idona ya yi rauni, gilashi ta sayo min a Katsina. Kuma duk tambayar da na maimaita, amsawa take kamar yau na fara.

A haɗuwarmu ta ƙarshe ta rame, a zaune ta yi darasin. Ta bar min na'urar da take duba mota da ita. Na ce ai ni tsoho ne.

"Ku dai riƙe, Kawu. Ku suka fi jin magana."

To, na riƙe. Masu wayarin Jibiya, Mazanya da Riko, da 'yan'uwa na Maraɗi: aji na nan bayan sadakar uku. Abin da na sani zan koyar, wanda ya gagare ni mu nemo tare. Mai son a cire masa ƙwan fitila kuwa ya nemi wani gareji.

Allah ya gafarta miki Balkisu, ya haskaka kabarinki, ya raya 'ya'yanki. Wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a kafin ya wuce.