Manomin Bango

"Ɗauke ni hoto daga nan, yaya, kalmen ya fito sosai!"

Ƙanena Sabi'u ke nan jiya a Yelwa, gaban sabon zanen da aka yi a bangon wani ɗakin taro: maigida da iyalinsa suna noman gero irin na da, kowa cikin fararen kaya fes, kowa na murmushi kamar rana ba ta dukansu.

Sabi'un nan fa tun faɗuwar damina yake kukan ciwon baya. Ciyawa ta kusa haɗiye shinkafarmu ta Shanga. Amma ya aro kalme, wato fartanya, wurin maƙeri, ya saɓa a kafaɗa, ya ɗora hoto a Facebook wai "Mu jikokin manoma ne."

Na nuna wa Inna. Ta daɗe tana kallo.

"Wane na Sabi'u cikinsu?"

"Ga shi nan gaba, Inna."

"To, ya sami 'yan uwanshi. Su ma tun da anka zana su ba su cire ciyawa ko ɗaya ba. Ka ce mishi ya ci tuwon dare wurinsu."

Jama'a, ku ma kuna da manomin bango a gida, ko mu kaɗai Allah ya jarraba?