Tankar Jamus a Mayankar Sakkwato

Ba zan taɓa mantawa da ranar da yayana ya kai fasahar Jamus mayanka ba. Mahauci ne, ɗaukar nama ta cinye masa baya, har likita ya ce in ya sake ɗaga abu mai nauyi, to ya nemi keken guragu. Yaya kuwa gara ya mutu da ya ce wa wani "kama mini".

Yana jinya ya kamu da kallon tankokin yaƙin Jamus a waya. Wata rana ya nuna mini wasu 'yan ƙarafa uku masu rami, kamar ƙananan turame, liƙe a rufin tanka. Na ce ado ne. Ya ce Bajamushe ba ya ado a fagen yaƙi: nan ake kafa sandunan ɗaga kaya da sarƙa, a ciro injin tankar in ya lalace.

"Abin da ya ɗaga inji, mi a rabin bijimi gare shi?" in ji shi.

Ya kai tsohuwar akori-kurarsa wurin mai walda a Tudun Wada, aka liƙa mata turame uku a rufi, aka kafa sanduna. Abin da bidiyon bai tsaya faɗa ba shi ne kaurin rufin tanka. Namu rufin gwangwani ne da fenti.

Da safe muka isa mayanka, mahauta suka kewaye mu. Yaya ya maƙala ƙugiya a rabin bijimi, ya fara jan sarƙa cikin natsuwa. Naman bai motsa ba. Rufin ne ya sauko a hankali har ya zauna kan sitiyari.

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Sai na ga Yaya ya sunkuya zai cicciɓi naman da kansa. Na yunƙura zan tare shi, wallahi, don na san abin da likita ya ce. Wani dattijon mahauci ya riƙe masa hannu.

"Ɗebe hannunka, ɗana. Muna nan tsaye, kai ko ka tahi Jamus biɗar mai kama maka?"

Matasa suka ɗora naman a bayan mota. Tun daga ranar haka suke yi masa kullum, kuma har yau da ƙafafunsa yake zuwa mayanka. Motar ce dai ake tuƙa ta a duƙe.

Abin da na koya shi ne, in kaya ya fi ƙarfinka, fara tambayar wanda ke tsaye kusa da kai kafin ka je wurin mai walda.