Ranar da Na Ƙi Fita Lokacin Fenareti

Na yi shekaru ina kallon ƙwallo a gidan kallon unguwarmu a Dutsin-Ma ban taɓa ganin bugun fenareti na raba gardama da idona ba. Ba tsoro ke fitar da ni ba, ba kuma ciwon zuciya gare ni ba. Kora ta ake yi. Da zarar 'yan wasan ƙasarmu sun yi kunnen doki da wata ƙasa, an yi ƙarin lokaci ba wanda ya ci, aka ce sai bugun daga kai sai mai tsaron gida, to duk kawunan da ke ɗakin sai su juyo kaina. Ni kuma, da girmana da gemuna, malamin aji shida a makarantar firamare, sai in tattara rigata in fita in tsaya gindin dalbejiyar da ke ƙofar gida, ina kasa kunne kamar mai jiran a fito masa da labarin haihuwa.

Wasa-wasa abin ya fara. Wata rana ana zafi, na ɗirki ruwa har ya yi mini yawa, daidai za a fara bugun sai na tashi na zagaya. Kafin in dawo mun yi nasara, ɗakin ya kaure da ihu. Wani abokina tela, wanda tun muna samari muke zama benci ɗaya, ya ce ai fitar Malam ce ta jawo mana sa'a. Aka yi dariya, ni ma na yi. A gasa ta gaba na zauna daram, aka fitar da mu tun ba a kai ga fenareti ba. Karo na uku sai suka tura ni waje suna dariya, muka kuwa yi nasara. Shi ke nan, hukunci ya tabbata, babu ɗaukaka ƙara.

Kada wani ya zaci ba a taɓa doke mu ina waje ba. An doke mu, ba sau ɗaya ba. Amma mutanen nan ba sa rasa abin faɗa. Wannan ya ce na leƙo ta ramin langa-langa. Wancan ya ce na makara wajen fita, sai da aka ajiye ƙwallo na tashi. Akwai ranar da suka rasa hujja ƙarƙaf, sai wani ya hango hulata a kan benci, ya ɗaga ta sama ya ce ga dalili nan, ya bar rabinsa a ciki.

Ni ma da laifina, ba zan ɓoye ba. Da farko abin daɗi yake yi mini. Mutumin da ba ya iya gardamar ƙwallo da ƙarfi, ga shi yau ɗaki guda na kiran sunansa. In an yi nasara a fito a rungume ni, wani ya miƙo mini rake, wani ya ce Malam ya yi aiki. Ina washe baki, ban san rami nake haƙa wa kaina ba.

Sannu a hankali maganar ta tsallake ƙofar gidan kallo ta shiga gari. Ɗan acaɓa zai ɗauke ni sai ya ce, "Malam, a yi addu'a dai, tayata sabuwa ce." Telan nan abokina ya sayi sabon keken ɗinki, na kai masa yadin sallah da sassafe, ina ganin ni zan fara sa masa albarka. Sai ya karɓa ya ajiye gefe, ya jawo wani tsohon wando na maƙwabcinsa ya fara ɗinkawa, yana dariya yana cewa a dai buɗe keken da hannun wani tukuna. Na yi dariyar yaƙe, na fito.

Wanda ya fi ƙona mini rai a makaranta ya faru. Duk shekara ni ke raka ɗaliban ajina zuwa wurin da suke rubuta jarrabawar fita. Ni na koya musu, ni na san wanda ke rawar jiki in ya ga takarda, na san wadda ke mance lambarta. A shekarar nan sai hedimasta ya kira ni ofis, yana sosa ƙeya, ya ce wasu iyaye sun yi magana. Ba wai sun yarda da camfi ba, in ji shi, amma dai hankalinsu zai fi kwanciya in wani malamin ya raka yaran. Ya ce kada in sa abin a raina. Ina zan sa shi in ba a raina ba? Saura mako biyu jarrabawa, an ɗauke mini aikin da na fi so a duk shekarar, saboda wasu mutane a wata ƙasa da ban taɓa takawa ba suna dukan ƙwallo tana wuce raga.

Ranar Asabar na hau babur na nufi Kurfi wurin mahaifiyata, kamar yadda na saba. Har na wuce Birchi ban san na wuce ba, don zuciyata na tafasa. Na tarar da Inna a tsakar gida tana dama fura. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, sai dai "kai" ko "ɗan nan". Kallo ɗaya ta yi mini ta gane akwai magana.

Na zayyana mata komai. Inna ba ta san ƙwallo ba, sai da na yi mata bayanin cewa in an kasa raba gardama, kowane ɓangare na fitar da mutum biyar su buga ɗaya bayan ɗaya, daga mai bugu sai mai tsaron gida.

"Su masu bugun, nan Dutsin-Ma suke?" ta tambaye ni.

"A'a, Inna, suna can wata ƙasa."

"Sun san ka?"

"Ba su ma san an haife ni ba."

"To mi ya kai ƙafarka cikin tasu? Wannan ai an bar jaki ana dukan taiki." Ta ci gaba da juya ludayi, can ta ɗago. "Su suka ɗauke ka suka hidda kai, ko kai ka tashi da ƙafarka ka hita?"



Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Shekarar da aka kawo ta gidan mahaifina, ciwo ya shiga garken gidan, shanu suka yi ta faɗuwa. Nan da nan aka ce amarya farar ƙafa gare ta, wato shigowarta ce ta kawo tsiya. Aka ce kada ta ƙara kusantar garke, kada ta taɓa ƙwaryar tatsa. Washegari da asuba ta ɗauki ƙwaryar ta tafi ta tsuguna gindin saniya, kowa na kallo. Ta ce wata saniyar ma ta sake mutuwa bayan haka, kuma ba ta fasa zuwa ba.

"Da na zauna ɗaki rana guda, da na amsa sunan," in ji ta. "Kai kuwa shekara nawa kana amsawa, har da dariyarka. Allah ke kashewa, Allah ke rayawa, amma kai ka yarda aka mai da kai abin tsoro. Ka sha furarka ka tashi ka ba ni wuri."

Ban ji daɗin maganar ba, domin gaskiya ce. Na zo neman a lallashe ni, aka wanke ni tas.

A lokacin ana cikin gasar ƙasashen Afirka, kuma 'yan wasanmu sun kai matakin da in an doke ka sai gida. Wasan na yamma ne. Aka yi rabin farko ba ci, muka fita muka yi la'asar a masallacin bakin titi, muka dawo. Injin wuta na ruri a bayan ɗaki, fanka ɗaya na juya iska mai zafi, mutane sun cika har bakin ƙofa. Suka ci mu ɗaya, muka rama. Ƙarin lokaci ya zo ya wuce. Wallahi a cikin mintunan nan ni kaɗai ne a ɗakin nake roƙon Allah wani ya ci, ko mu ko su, don kada a kai ga abin da nake gudu. Alƙalin wasa ya hura usur. Sai fenareti.

Kawuna suka juyo.

"Malam, bisimilla," in ji telan, yana janye gwiwarsa don in wuce.

Ban motsa ba. Na ɗora tafin hannuwana a kan gwiwoyina, na zuba wa talabijin ido.

"Malam, lokaci fa shina tahiya."

"Ya tafi," na ce. "Yau ba inda za ni."

Aka yi dariya, an ɗauka sabon salon wasa ne. Da suka ga har masu horarwa sun gama zaɓen masu bugu ina nan zaune, sai dariyar ta ɗauke. Wani daga baya ya ce a taimaka a fitar da shi mana. Wani ya ce ƙasa guda za a jefa cikin baƙin ciki saboda taurin kan mutum ɗaya. Mai gidan kallon, dattijo ne da muke kira Alhaji, ya ratso benci-benci ya zo ya sunkuyo kaina, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, don girman Allah ka rufa mani asiri. Minti biyar ne kurum. In an gama ni da kaina zan hito in kira ka."

"Alhaji, ina ganin girmanka," na ce, kuma na ɗaga murya don kowa ya ji. "Amma yau sai dai a ɗauke ni da bencin. Ni ba gola ba ne, ba ni cikin masu bugu. In zamana ke sa a zubar da ƙwallo, to a rubuta wa hukuma ta ɗauke ni aiki, a riƙa kai ni ina zama a ƙasar abokan gaba."

Mutum biyu ko uku suka tuntsire da dariya, sauran suka yi tsaki. Telan ya tashi daga kusa da ni ya koma wani benci. Wannan ta yi mini ciwo fiye da duk surutun, amma ban waiwaya ba. Kada in yi ƙarya, a can ƙasan raina ni ma ina jin tsoro: in fa gaskiyarsu ce?

Aka fara, nasu ya buga na farko ya ci. Namu ya ci, nasu ya ci. Namu ya ci, nasu ya ci. Ashe haka abin yake! Shekara da shekaru ihu kawai nake ji daga gindin bishiya, ban san akwai wannan doguwar tafiya da ɗan wasa ke yi shi kaɗai daga tsakiyar fili zuwa inda zai ajiye ƙwallo ba. Ban san gola na tsalle-tsalle a kan layi yana buɗe hannuwa don ya rikita mai bugu ba. Ban san sauran 'yan wasan na dafa kafaɗun juna, wasu sun rufe ido ba. Duk wannan aka hana ni gani, ni kuma na yarda.

Aka kai huɗu da huɗu. Nasu na biyar ya ci. Namu na biyar ya taso, wani matashi siriri, yana ta lasar leɓe. Ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya sheƙo. Ƙafar da ya dogara da ita ta ɗan zame, ƙwallo ta tashi sama ta wuce raga.

Ɗakin ya yi tsit, sai rurin inji. A talabijin aka nuno yaron nan ya ja rigarsa ya rufe fuska. Na dube shi na ji tausayi ya kama ni, domin na san abin da ke jiransa. Mutum goma sha ɗaya sun yi awa biyu sun kasa raba gardama, amma sunansa kaɗai za a riƙe.

Telan ne ya fara magana, daga bencin da ya koma.

"To, Malam, hankalinka ya kwanta?"

Na miƙe tsaye, na juya na fuskanci ɗakin.

"Ya kwanta. Kowa a nan ya ga ƙafar yaron nan ta zame, ni ma na gani, hannuwana na kan gwiwata. Wanda ya ga na miƙa ƙafa daga nan na taɗe shi, ya tashi ya rantse." Ba wanda ya tashi. "An doke mu ina waje, an doke mu ina ciki. Gobe ma in an buga, nan za ku same ni, kan bencin nan. Wanda zamana ya dama, ga dalbejiya can, inuwarta na da sanyi, ni shaida ne."

Na koma na zauna, na bar su suka fita ɗaya bayan ɗaya, wasu na gunaguni, wasu na kauce wa idona. Ni na fita ƙarshe, ana kiran magariba.

Ba zan ce sunan ya mutu a ranar ba. Har yau akwai masu cewa ni na fitar da mu daga gasar, kuma telan ya yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Amma ranar Litinin na shiga ofishin hedimasta na ce masa ajina ne, ni zan raka su, uban da bai yarda ba ya zo ya faɗa mini da bakinsa. Ba wanda ya zo. Ranar jarrabawa ni na fara shiga motar, na zauna gaba, na kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya suna hawa.

Da Asabar ta zagayo na koma Kurfi. Inna na zaune inda na bar ta, da ƙwaryarta a gaba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta jefo tambaya.

"An yi abin naku?"

"An yi, Inna."

"Wa ya samu?"

"Su suka samu. An fitar da mu."

"Kai fa? Ka hita?"

"Ban fita ba."

Ta ɗan dube ni, irin kallon da ba ta cika yi wa ɗan fari ba. Sannan ta ƙara nono a furar, ta turo mini ƙwaryar gabana, ta ce in sha duka.